Gefen da Baba Gam Ya Yanke

Baba Gam ake ce masa a shagon buga takardun da ke ƙasan benen nan, daura da tashar bas, domin ko da sabulu mai tsada ya yi wanka, warin gam ne ke riga shi yin sallama. Shi ne mai ɗinkin littattafai na shagon. Teburinsa na can ƙurya, tsakanin injin matsi da babbar wuƙar yankan takarda, wadda ake janyo hannunta da ƙarfi ta sauko ta datse shafi ɗari uku a lokaci guda. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan sana'a. Kan manuniyarsa ta hagu wuƙar ce ta ɗauke tun yana koyo, kuma bai taɓa riƙe ta da abin ba, cewa yake yi shi ya kai mata hannun.

Mutum ne da idonsa ba ya iya wuce abu a karkace. Kalandar ɗaki in gefenta ya naɗe, sai ya sauko da ita ya bi da reza. 'Ya'yansa uku sun yi makaranta sun gama, kowa ya kama gidansa, amma har yau in sun haɗu suna ba da labarin yadda uban ke kwashe littattafansu na makaranta ya dawo da su washegari, an daidaita musu baki kamar sababbi, wani lokaci har da rabin lissafin da suka yi a gefe. Matarsa kan ce da ana sa mutum a injin nan, da tuni ya gyara mata kafaɗa, don ɗaya ta fi ɗaya sauka.

Abin da mutane ba sa yarda in an faɗa musu shi ne, duk littattafan da suka bi ta hannunsa, dubbai, bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Ba rashin iyawa ba ne, jarida in ta zo hannunsa yana bin kanun labarai tsaf. Tsohon da ya koya masa aiki ne ya ce masa mai ɗinki lambar shafi yake dubawa, ba abin da ke cikin shafin ba, in ka tsaya karatu gam ya bushe maka a buroshi. Shi kuma ya riƙe maganar hannu bibbiyu. Ya ɗinka littattafan likitanci, na shari'a, na soyayya, amma ka tambaye shi me ke ciki, sai ya ce maka takardar mai kyau ce, ko kuwa mai shan gam ce. Da yamma in ya koma gida, talabijin ɗin da babbar 'yarsa ta kawo musu ita ce hutunsa. Ya zauna a kujerarsa ta gefen taga, ya miƙe ƙafa, matarsa na faɗa da 'yan wasan kwaikwayo, shi yana gyangyaɗi.

Ranar Litinin wata nas ta shigo shagon da rigar aikinta a ƙarƙashin mayafi. Ta wuce mai kwamfuta, ta wuce mai shagon, ta zo har teburinsa. Ta ciro wani ɗan littafi daga jaka, a naɗe cikin leda. Labarin kisan kai ne, irin mai bangon takarda, ya tsufa har shafukansa sun koma ruwan ƙasa, bayansa ya tsage, ganye na zubowa.

"Baba, a ɗinke min shi, a sa masa bango mai ƙarfi," in ji ta. "Amma don Allah kada a yanke gefen. Na yayata ne, ta rasu bara. Akwai rubutunta a gefe-gefe, da fensir. Shi nake so, ba littafin ba."

Baba Gam ya juya littafin, ya ga bakinsa duk ya cinye ya yi kaca-kaca. Ransa ya ɗan sosu, don ba ya so a koya masa aikinsa.

"'Yata, na ji. Shekara talatin ina wannan abu."

"Na sani, Baba. Kawai dai kada a yanke."

"Na ce na ji. Alhamis ƙarfe goma ki zo."

Talata ya warware shi ganye-ganye, ya ɗinke da zare, ya shafa wa bayansa gam, ya ajiye shi a gefen tebur ya sha iska. Har ya yaba wa kansa, don ɗinkin ya fito.

Laraba kuwa tun da ya fito gida ranar ta juya masa baya. Bas biyu suka wuce shi a cike. Ya iso ya tarar ɗaliban jami'a sun cika shagon har bakin ƙofa, domin washegari ce ranar ƙarshe ta miƙa kundin kammala karatu, kuma ɗalibi dai sai ana gobe yake tuna cewa kundi na bukatar bango. Kowanne kwafi huɗu. Wani ya kawo nasa shafi na arba'in na gaban na sha biyu, ya rantse haka malaminsa ke so. Wata ta ce shuɗin bango take so, aka yi shuɗi, ta fita ta yi waya ta dawo ta ce sashensu kore suke karɓa. Ƙarfe tara da rabi aka ɗauke wuta. Janareta ya yi tari sau uku ya yi shiru. Fanka ta tsaya, zafi ya sauko, gam ya fara kauri a kwano. Mai shagon na ta zirga-zirga da waya a kunne, yana ce wa mutane yanzu-yanzu, alhali ya san sai la'asar.

"Baba Gam, nawa suka rage?"

"Yadda suke ɗazu da ka tambaya."

"To a ɗan ƙara hannu mana!"

"Hannun biyu ne, Oga, ɗayan ma bai cika ba."

Wuƙar ba ta bukatar wuta, don haka ya koma kanta. Ya ɗauko kundi, ya buga shi a tebur ya daidaita, ya tura ƙarƙashin wuƙa, ya murɗa matsi, ya ja hannu. Ya ɗauko na gaba. Ya yi ashirin, ya yi talatin, gumi na shiga masa ido, wata ɗaliba na tsaye a kansa kamar za ta yi kuka wai mai mota na jiranta. Aikin ya bar kansa ya koma hannunsa, yadda yake yi in an matsa masa. Hannun ya miƙa, ya ɗauko abin da ke gefen tebur, ya buga, ya tura, ya murɗa. Da yake bakin ya cinye sosai, hannun har ya ƙara tura shi ciki kaɗan, faɗin ƙaramin yatsa, don ya fito sumul. Ya ja.

Sai da ya ga abin da ya zubo ba fari ba ne, ruwan ƙasa ne, sannan gabansa ya yanke ya faɗi.

Ya tsaya riƙe da hannun wuƙar. Bakin littafin nas ɗin ya fito santsi, tsaf, gwanin kyau, kuma a rayuwarsa bai taɓa ƙin jinin aiki mai kyau kamar wannan ba. Ya buɗe tsakiya. Marigayiyar, da yake gefen shafin siriri ne, juya littafin take yi ta yi rubutunta a tsaye, tana bin baki. Wuƙar ta bi ta tsakiyar layin. Ƙasan haruffa na jikin shafi, samansu sun tafi.

Siraran takardun da suka zubo kuwa suna nan a kan farantin injin, a jere yadda suke, ganye bayan ganye. Da ya sa hannu a lokacin ya ɗauke su, da abin ya zo da sauƙi. Amma ya tsaya yana salati, sai aka kawo wuta. Ɗalibai suka yi ihun murna, fankar sama da aka bari a lamba biyar ta tashi da ƙarfinta, ta kwashe su ta watsa cikin tarin fararen da suka cika ƙasa tun safe.

Ya yi tsalle ya kashe fanka, ɗalibai na gunaguni. Ya ce kowa ya ɗaga ƙafa. Dattijo mai furfura ya durƙusa yana tattara shara da hannu yana zubawa a buhu, har ƙarƙashin injin fotokwafi, har cikin takalmin wani da ya cire saboda zafi. Mai kwamfuta ta leƙo ta ce, "Baba, zinare ne ya faɗi?" Ya ci gaba da tattarawa. Mai shagon, da ya ji abin da ya faru, ya ja shi gefe ya rage murya.

"Ka sa masa bango ka ba ta. In ta tambaya ka ce tsufa ne ya cinye wurin. Wa ke duba gefen littafi?"

"Ita."

"To ni dai kundin nan su fita yau."

Sauran yinin bai san yadda ya wuce ba. Ya manna bango a kife sau biyu, abin da rabonsa da yi tun yana koyo. Abincin da matarsa ta ƙulla masa bai ko buɗe ba. Bini-bini sai ya waiga ya ga ko buhun na nan. Maganar mai shagon ma ba ta bar shi ba, kuma gaskiya ita ce ya juya ta a ransa fiye da sau ɗaya, don ƙarya ce mai sauƙin faɗa, shi kuma tsoron haɗa ido da yarinyar nan yake yi. Ƙarfe biyar ya miƙa kundi na ƙarshe. Ya sa littafin a aljihun riga, ya ɗauki buhu, da kwalbar gam mai ruwa-ruwa, da hantsaki, da takardar nan mai shara-shara da ake gyaran yaga da ita. A bas kwandasta ya so ya ɗora buhun a sama, suka kusa ba hammata iska.

Matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya. Ta dube shi, ta dubi buhun.

"Malam, yau kuma bola ka kwaso mana?"

Ya zauna a bakin ƙofa ya gaya mata duka. Ba ta yi masa dariya ba, ko da yake ya ga ta danne guda ɗaya.

"Ai na daɗe da sanin wuƙar nan wata rana sai ta ci abin da ba nata ba," in ji ta. "Tashi ka watsa ruwa ka ci abinci. Dubi yadda ka koma kamar wanda aka koro."

Bai iya cin abin kirki ba. Bayan magariba ya shimfiɗa farin zanin gado a tsakar falo, ya rufe taga, ya hana kunna fanka, ya zazzage buhun. Ita kuma ta ce zafi ta yarda za ta sha, amma wasan kwaikwayonta na ƙarfe bakwai ba ta yafe ba. Ta kunna talabijin, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta jawo faranti biyu, masu rubutu nan, marasa rubutu nan, farare kuma ta tura gefe. Hannunta na tsinta kamar mai tsintar shinkafa, idonta na kan akwatin.

Wasan na wani likita ne da ya yi haɗarin mota ya manta ko shi wane ne, wata shida ana abu ɗaya.

"Ga matarka nan a gabanka, sakarai!" in ji ta. "Kai, Allah ya sawwaƙe. Malam, dubi yadda yake kallonta kamar ya ga sabuwar firij."

Shi dai da farko haushi hayaniyar ta ba shi. Ya ɗauki siriri ɗaya da hantsaki, ya bi shafuka yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, amma rabin haruffa duk kama suke yi da juna. Minti ashirin bai haɗa ko guda ba. Ya tashi ya sha ruwa, ya leƙa waje, ya dawo ya zauna, ya sake tashi ya gyara labulen da ba abin da ya yi. Masu rubutu sun kusa arba'in, shafuka ɗari biyu da ɗoriya, a haka sai ya kwana uku bai gama ba, ga shi gobe ƙarfe goma ya ce mata. Wuyansa ya riƙe. Amma muryar talabijin ɗin, da kiɗan nan nasu mai jan rai, da matarsa na zagin likita, abubuwa ne da kunnensa ya saba da su, sannu a hankali suka sassauta masa kafaɗa. Har ya samu kansa yana tambaya ko mai jan gyalen ce matar likitan.

"Ita ce mana. Wata shida kana barci a gabanta."

Ita ce kuma ta kawo dabarar, lokacin da aka tafi talla. Ta ɗaga wani siriri kusa da fitila, ta ƙanƙance ido. Shi wannan siririn, wuƙar ta bar masa fiye da rabin haruffa, ana iya karantawa: "Auta, kar ki yarda da mai dafa abincin nan, kukanta ya yi yawa."

"To ai magana take yi da ƙanwarta a kan labarin," in ji matar. "Nemo inda mai dafa abinci ta yi kuka, nan ne wurinsa."

"Sai na karanta ke nan."

"A'a, sai ka shinshina."

Ya gyara tabarau, ya buɗe shafin farko, yana jin kamar tsohon maigidansa na tsaye a bayansa. An tsinci gawar wani mai sayar da agogo a shagonsa da safe, ƙofa a kulle ta ciki, duk agogon da ke bango an tsayar da su, kowanne a lokacinsa dabam. Sufeton da aka turo tsoho ne mai ciwon gwiwa, ya daina shan taba yana tsotsar alewa. Ba ya tambayar mutane ina suke jiya, sai dai ya tambaye su me suka ci. Baba Gam ya ce a ransa shirme ne. Ya juya shafi don ya nemi mai dafa abinci. Ya sake juyawa. A shafi na sha tara ta fashe da kuka a gaban sufeto. Ya ɗora siririn a baki, haruffan suka haɗu, sama da ƙasa, kamar ba a taɓa raba su ba. Ya yanko takarda mai shara-shara, ya shafa gam da bakin buroshi, ya manne, ya danna da bayan cokali.

Daga nan karatu ya tafi da shi. Aka gama wasan kwaikwayo aka shiga labarai, aka gama labarai aka sa shirin namun daji, wanda ya fi so, inda wani mai sanyin murya ke bayanin yadda giwaye ke neman ruwa. Ya ɗago kai ya kalli giwa, ya koma wurin sufeto. Shayin da ta kawo masa ya huce. Zuciyarsa da ta yini tana dukan ƙirji ta kwanta. Ya manta da ɗalibai, ya manta da janareta, wani lokaci ma har ya manta dalilin karatun, sai matar ta zungure shi da ƙafa ta miƙo masa siriri ta ce, "Wannan kamar maganar makulli take yi." Shi kuma ya ce ai an wuce makulli, ya koma baya shafi uku ya sa shi a wurinsa.

Marigayiyar kuwa ba ta bar kowa ya huta ba. Ashe ita ke fara karanta littafi sannan ta ba ƙanwarta, ta bar mata tsokana a hanya. "Na san kin tsallake wannan shafin, koma." "Nan na gane wanda ya yi, ke kuma sai baɗi." "Ki daina cin gyaɗa a kan gadona kina karatu." A wani wuri ta rubuta, "Sufeton nan da Babanmu ne da tuni ya mari kowa." Matar ta yi dariya har da tari, sannan ta goge ido da bakin zani, don ita ma yayarta ta rasu. Baba Gam ya ji kunya ta sake rufe shi, wata iri dabam da ta rana, mai nauyi. Da rana aiki ya ɓata, yanzu kuwa ya san muryar wadda ya datse.

Shi kansa ya shiga gardamar. Ya kafe a kan ƙanin matar mamacin ne ya yi kisan, saboda ya cika yawan taimako, kuma shi kaɗai ya tuna abin da ya ci har da yawan lomar. Da ya manna wani siriri a shafi na ɗari da goma, sai ya karanta, "In kina zargin surukin, ke da hankali kun raba hanya." Ya cire tabarau ya ce, "Ji min yarinya!" Matarsa ta ce ai ta hango ka tun kafin ka iso.

Wajen ƙarfe goma ta kashe talabijin, ta ce idonsa ya yi ja, in ya ci gaba ɓarna zai ƙara. Ya yi musu kaɗan, ya danne littafin da dutsen guga, ya bi ta. Shafi goma sha ɗaya suka rage masu rabin rubutu.

Bayan asuba ya koma kan zanin, hasken safiya na shigowa ta labule. Takwas suka samu wurinsu. Na ƙarshensu cewa ya yi, "Daga nan na yi shiru, kar in ɓata miki," kuma da gaske babi biyun ƙarshe gefensu fes yake, ko ɗigo babu. Amma faranti ya ƙare, shafi uku na nan da rabin rubutu a baki, babu abokan haɗinsu. Suka sake baza tarin fararen, suka bi su ɗaya-ɗaya, suka ɗaga kujeru, suka kakkaɓe aljihun rigarsa ta jiya. Wataƙila sun bi takalmin wani ɗalibi, wataƙila suna maƙale a bayan injin. Matar ta mayar da komai cikin buhu ta ɗaure bakinsa da igiya.

"Me za ka ce mata?" ta tambaye shi a bakin ƙofa.

"Ban sani ba tukuna."

"Ka sani," in ji ta, ta miƙa masa buhun da ƙunshin abincinsa.

Ya isa shago kafin kowa, ya ja injuna, ya share bayan kowanne. Abin da ya samu biro biyu ne da mataccen kyankyaso. Ya yanka bango ya fi littafin faɗi, don ya rufe bakin da yanzu ya zama wani shafi dogo wani gajere, kamar haƙoran tsoho. A shekara talatin da ɗaya bai taɓa fitar da aiki mai muni haka ba. Ya sa shi a matsi, ya zauna, ya tashi, ya wanke buroshin da ya riga ya wanke. Sufeto ya tara kowa a shagon agogo ke nan shi Baba Gam ya tsaya da karatu, hannunsa na ƙaiƙayin babi biyun nan, amma bango bai bushe ba, ya bar shi. Mai shagon ya shigo ya dube shi ya ce, "Ka dai tuna abin da na ce." Baba Gam ya ci gaba da goge tebur.

Goma saura nas ɗin ta zo, daga wurin aiki kai tsaye, idonta ya faɗa don gajiya. Ta gaishe shi da fara'a. Ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi wa kowa a shagon, ya ɗora hannu a kan littafin kafin ta kai nata.

"'Yata, tsaya tukuna. Na yanke gefen."

Fara'ar ta ɓace.

"Kin gaya min, na ce na ji. Jiya aiki ya yi yawa, hannuna ya ɗauka ya yanka. Ba wanda ya taɓa shi sai ni. Na tattara abin da ya zubo, ni da mai ɗakina mun mayar da talatin da takwas. Uku ban samu ba. Na sa 'yar takarda a wurarensu."

Mai kwamfuta ta daina bugawa. Nas ɗin ta karɓi littafin. Ta ja kujera ta zauna, ta buɗe littafin a cinya. Ta bi bakin shafi da yatsa, inda aka manne, ta juya, ta sake juyawa. A wani wuri dariya ta kuɓuce mata ta hanci, ta toshe baki da bayan hannu. Ya tsaya a kanta hannu a baya kamar ɗalibi a gaban hedimasta. Ya so ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Ta zo takarda ta farko, ta dubi rabin haruffan ta ce, "Wannan cewa ta yi in wanke mata takalmi." Ta biyu ma ta gane: "Nan sufeton take zagi." Ta uku tana can wajen ƙarshe. Layi ne dogo, daga saman shafi har ƙasa, kuma nan wuƙar ta fi ci, ƙafafun haruffa kawai suka rage. Ta karkata littafin wajen haske. Leɓenta na motsi. Ta daɗe.

"Na san wannan," in ji ta. "Wallahi na san shi. Na karanta shi ya fi sau goma." Ta rufe ido, ta buɗe. "Da sunan da take kirana ya fara, Auta, sannan..." Ta girgiza kai. "Ban taɓa haddacewa ba, Baba. Ai yana nan. Me zai sa in haddace?"

Ya ce zai ci gaba da nema, yau da gobe, zai tambayi ɗaliban in sun dawo.

"Ina sauran takardun da suka zubo?" in ji ta.

Ya jawo buhun daga ƙarƙashin tebur.

"Mun bi shi sau biyu," in ji shi.

"Na gode. Ni ban bi ba."

Ta sa littafin a jaka, ta rungumi buhun a ƙirji. Mai shagon ya taso zai ce wani abu, ta wuce shi. Baba Gam ya bi ta har bakin ƙofa. Tana saukowa daga matakala ta tsaya, ta sunkuya da buhun a hannu, ta ɗauki wata 'yar takarda a bakin kwalbati, ta duba gabanta ta duba bayanta. Ba ita ba ce. Ta dai sa ta a aljihu, ta ci gaba da tafiya a hankali, idonta a ƙasa.